Masaukin Yaya a Bakin Tabki

A Madarumfa, da an ɗaure gero an cika rumbu, sai maza su fara karkaɗe jakunkunansu. Wasu su gangara Katsina da Kano, wasu su yi arewa, Agadas da abin da ke bayanta. Babanmu cikin masu yin arewa yake. Ina goye ya tafi cin rani, abin da ya dawo mana kuwa rigarsa ce a hannun wani abokin tafiyarsa, da labarin zazzaɓin da ya kayar da shi a can. Don haka ni ban san uba ba, Yayana na sani. Shi ne ɗan farin Inna, ni ce auta, na tsakaninmu duk mata ne, sun yi aure sun watse. Namiji ɗaya tal gare ta, kuma tsoronta a duniya ɗaya ne: kada shi ma wata rana ya rataya jaka.

Sai dai ba ta taɓa faɗa masa ba. Ta ina? Ɗan fari ne fa. Inna irin matan da ce, masu kunyar ɗan fari ta gasken-gaske. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa. In ya shigo gaisuwa da safe sai ta juya ta hau gyaran murhun da ba abin da ya same shi, ta amsa a taƙaice. In tana da magana da shi, ni ce baki. "Ke auta, ki ce wa wancan kaza." Haka na tashi ina kai saƙo tsakanin mutum biyu da ke zaune gida ɗaya, wani lokaci ma inuwa ɗaya. Ina ƙarama abin dariya yake ba ni. Da na girma ya koma yana ba ni haushi, yanzu kuwa in na tuna sai in ji kamar in kurma ihu.

Yaya masunci ne, yana da jirginsa na katako, muna kuma da ɗan fili a bakin tabki, gado daga Baba. Filin ba ya yin gero saboda ruwan tabki na kwanciya a kansa da damina. Ga ƙaton gawo a tsakiya, ga bagaruwa jere a gaɓa, saiwoyinta cikin ruwa, ga ciyawar kacala ta yi duhu a bakin ruwa. Da sanyi ya shigo sai tsuntsaye su mamaye wurin, dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela, da wasu ƙanana da ko masunta ba su san sunansu ba, aka ce daga Turai suke tahowa gudun sanyin can. Da yamma in sun dawo kwana sai bagaruwar nan ta yi fari fat, hayaniya kamar ranar kasuwa. Mu dai a wurinmu tsuntsu tsuntsu ne, in bai shiga tukunya ba to ɓarna yake yi a gona.

Wata shekara wasu Anasaru masu aikin asibiti a Maraɗi suka zo hutun ƙarshen shekara, suka nemi wanda zai zaga da su tabki. Yaya ya ɗauke su. Da suka dawo gaɓa suka ga filinmu, sai suka tsaya sake da baki, suka ce ko za a bar su su kwana a gindin gawon nan. Yaya ya ɗauka wasa ne. Da ya ga da gaske suke sai ya kewaye musu wuri da zana, ya shimfiɗa tabarmi, ya hura musu wuta. Da shekara ta zagayo ya gina ɗakuna uku na ƙasa, zagayayyu, ya ɗora musu jinka ta shuci, ya sa gadon kara da katifa da gidan sauro, da randa a bakin ƙofa. Shi ke nan masaukin.

Lokacin ina koyarwa a wata lakwal, makarantar boko, a Maraɗi, hutuna kuma yana faɗuwa daidai da zuwan baƙin, sai na zama tafinta tunda ni ke jin Faransanci. Kai, mun ji daɗin shekarun nan. Da asuba Yaya zai tura jirgi da su cikin sanyi, kowa ya duƙunƙune cikin bargo, yana tuƙi a hankali ba ya bari filafili ya yi ƙara, har su kusanci garken dinya. In rana ta ɗaga a dawo a soya kifi karfasa, a dama koko. Wata rana ya ɗebe su a amalanken shanu zuwa kushewun waliyyai da ke kewaye da tabki, wata rana a shiga motarsu a nufi dajin Baban Rafi, ya nuna musu birai da sawun gadu, ya ba su labarin giwayen da tsofaffi suka ce suna ratsawa ta nan a da. Su dawo da ƙaya a wando, fuska ja wur, suna ta murna kamar an yi musu albishir da kujerar Makka.

Cikinsu akwai wata tsohuwa da ba ta fashin zuwa, siririya, da madubin hangen nesa rataye a wuya. Ita ce ke jawo sauran. Kowace shekara da sababbin mutane take zuwa, wasu daga Maraɗi, wasu daga Yamai, su kuma su je su faɗa wa wasu. Ba ta da aiki sai zama gindin gawo ta ɗaga kai sama tun daga la'asar har duhu ya hana ta gani.

Abin da ya fi min komai shi ne Yaya bai ƙara zancen cin rani ba. Da can duk kaka sai ya ɗan taɓa maganar, Inna ta kasa cin abinci. Yanzu kuwa sa'anninsa na wucewa tasha da jakunkuna, shi yana saɓe da filafili zai gangara tabki. Inna har ƙiba ta yi. Ita ke dama fura da hannunta ta ce, "Ki kai wa baƙin wancan." Ran nan na ji ta tana daka tana ƴar waƙa ƙasa-ƙasa, abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni.

To, shaiɗanin da ya shiga tsakani taubashinmu ne, ɗan kawu, mai canjin kuɗi a Ɗan Issa. Ba mugu ba ne, Allah ya sani, bakinsa ne ba linzami, kuma wasan taubasai ba a fushi da shi. Duk ya zo kan babur sai ya tsaya majalisa ya fara: "Jama'a, ku zo ku ga mai otal! Mutane sun fito daga gidajen bene, ya zuba su cikin akurki kamar kaji. Haba ɗan gwaggo, ko surukinka ka kwantar a nan ai sai a kai ka ƙara wurin mai gari." Kowa ya kwashe da dariya, Yaya ma ya yi. Amma na san fuskar Yayana, dariyar ba ta wuce haƙori ba.

Sai kuma aka yi abin da ya ƙarasa shi. Wata yamma tsohuwar na zaune gindin gawo da kofin shayi, wata balbela ta saki kashi daga sama, ya sauka a kanta, ya gangaro har kafaɗa. Ita dariya ta kama yi har da hawaye, tana kiran abokanta su ɗauke ta hoto. Yaya kuwa kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya rugo da buta da tsumma yana ba da haƙuri, ina fassarawa, tana cewa ba komai, ba komai. Da muka koma gida ya ƙi cin tuwo.

"Baƙuwata," ya ce, "a wurina, tsuntsu ya yi mata kashi a ka. Ta ce ba komai don tana da kawaici. Ni kuwa ai ina da ido."

Da baƙi suka watse a ƙarshen sanyi, ya kwashe duk abin da ya tara, ya sayar da bijiminsa ya haɗa. Ya rushe ɗakunan ƙasa. Ya sa aka buga bulo na siminti, aka ɗora kwano mai ƙyalli, aka shafa shuɗin fenti, ƙofofi na ƙarfe, ya sayo injin wuta da fanka. Da na zo babban hutu da damina na tarar gini ya tashi. Ya burge ni, ya burge kowa. A garinmu duk wanda Allah ya buɗa wa, abin da yake fara yi ke nan, ya sauke ciyawa ya ɗora kwano, kuma ɗakin da ya fi kyau shi ake ba baƙo. Har taubashi ya zo ya zaga, ya ce, "Yauwa, yanzu ka zama mutum."

Saura itatuwa. Yaya ya ce za su tafi duka, gawo da bagaruwa, a kuma nome kacala, don ba zai ƙara yarda tsuntsu ko sauro ko maciji ya kunyata shi gaban baƙi ba. Ya riga ya yi magana da masu gatari.

Ranar Inna ta kira ni ɗaki. "Ke auta, ki ce wa wancan ya bar itacen nan. Itacen da tsuntsu ke kwana a kai ba a sa masa gatari. Kuma ni ban taɓa ganin matar nan ta kalli ɗaki ba, sama take kallo."

Na je na faɗa masa kamar yadda ta faɗa, ban rage ko harafi ba. Ya yi murmushi yana wasa gatari a dutse.

"Ki ce wa Inna ta yi haƙuri, ita ba ta san halin mutanen nan ba. Suna da kunya, ba za su ce wuri ya yi ƙazanta ba. Baƙonka Annabinka, ai ba ka bar shi cikin juji ba. Tsuntsu kuwa tabki ne gidansa, ina za shi?"

Na koma na durƙusa gabanta. "Inna, don girman Allah ki fito ki faɗa masa da bakinki. Saƙo ba ya da nauyi. In ya ji muryarki wallahi zai ajiye."

Ta harare ni. "Ke ba ki da ta ido? Ni in tsaya gaban wancan ina ja-in-ja da shi, mutane na kallo? Na faɗa, ya ji. Tashi ki ba ni wuri."

Na yi magiya, na yi kuka, har na ɗaga mata murya, abin da ban saba ba. Ko gezau. Kuma har gobe ina da yaƙini da ta leƙa ƙofa ta ce masa "kada" sau ɗaya, da ya jefar da gatarin nan cikin tabki. Mutumin da tun haihuwarsa uwarsa ba ta taɓa ba shi umarni baki da baki ba, ina zai iya tsallake na farko? Tir da kunyar da ke hana uwa tare ɗanta daga rami.

Gawon ya ba su wuya, sai da suka wuni a kansa. Da ya faɗi har cikin gida muka ji ƙasa ta amsa. Inna na tankaɗe, ta tsaya, ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ci gaba da tankaɗenta. Masu gandun daji suka ci Yaya tara, ya biya yana fara'a.

Sanyi ya shigo. Tsuntsaye suka zo tabki kamar kullum, amma suka yi can tsallake, inda sauran bagaruwa take. Filinmu ya zama fetal, an share shi tas, an jera fararen duwatsu a gefen hanya. Ranar da aka ce baƙi na tafe Yaya ya yanka rago, ya sa sabuwar riga, ya tada inji tun kafin su iso don su tarar fanka na juyawa, cikin sanyin nan. Allah sarki, yana ta kai da komo yana goge ƙofofi da hannun riga.

Mota ta tsaya. Tsohuwar ce ta fara fitowa, da sababbin mutane a bayanta. Ta yi taku kaɗan ta tsaya. Ta dubi ɗakuna, ta dubi gaɓa, ta juya ta dubi direba kamar ya ɓatar da hanya. Sannan ta ga kututturen gawo. Ta tafi a hankali ta zauna a kai, ta dafa shi da tafin hannu.

"Ina itatuwan?" ta tambaye ni.

Na fassara. Yaya ya matso, fuskarsa cike da haske. "Ki ce mata na share mata su. Ki ce mata daga yau ba tsuntsun da zai ƙara ɓata mata kai. Ki ce duk wannan dominta na yi."

Na faɗa mata. Ta daɗe tana kallonsa, sai hawaye suka zubo mata. Ta kama hannunsa da hannu biyu ta yi godiya. Yaya ya juyo gare ni yana murmushi, ya ce, "Kin gani? Har ta yi kukan daɗi." Ni kuwa na riga na gane, na rasa inda zan sa idona.

Sun ci naman kaɗan don kara. Suka roƙa a kashe inji. Da gari ya waye suka ɗaure kayansu, alhali mako suka ce za su yi. Yaya ya tsaya bakin mota, ya kasa gane abin da ke faruwa.

"Auta, tambaye ta mi aka yi musu. Ko katifa ce? Ko naman ne bai yi ba? Ta faɗa, yanzu a gyara."

Na tambaye ta. Ta ce in faɗa masa shi mutumin kirki ne, ba ta taɓa ganin mai karamci irinsa ba. Amma ɗakin siminti da fanka suna da su a inda suka fito, su suke gudu. Abin da ke kawo su shi ne kwana cikin ɗakin ciyawa, tsuntsaye na hayaniya a bisa kansu. Ta ce in yi masa a hankali.

Ta yaya ake faɗin wannan a hankali? Na faɗa masa. Na ga maganar tana shigarsa kaɗan-kaɗan, murmushin na janyewa.

"Ciyawar suke so?" ya ce. "Da kashin tsuntsun?"

Na ce i.

"To mi ya hana su faɗa?"

Mota ta tashi, ya ɗaga musu hannu har suka ɓace, don ko a lokacin bai yarda baƙo ya tafi ba sallama ba. Daga nan ya je ya zauna bakin ruwa, da sabuwar rigarsa, har azahar. Garin gyaran gira an rasa ido. Taubashi da ya ji labari bai ƙara yi masa wasa ba, ya ma daina biyowa ta unguwarmu.

Ya yi ƙoƙarin gyarawa, kada a ce bai yi ba. Ya sayo shuci ya lulluɓe kwanon. Ya dasa ƴaƴan gawo da bagaruwa, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki, yana ɗebo ruwa da tulu yana ba su safe da yamma. Amma gawo ba alayyafo ba ne. Sanyin da ya biyo mutum ƙalilan suka leƙo, suka shiga jirgi, suka koma Maraɗi suka kwana. Tsohuwar ba ta dawo ba. Bayan nan kuma sai bakin iyaka ya lalace, ƴan bindiga suka shiga dazuzzuka, aka hana Anasaru fita bayan gari, Baban Rafi ma mu kanmu muka daina shiga. Mutane suka riƙa ba shi baki, suna cewa ka gani, ko ba ka sare ba da sun daina zuwa. Bai taɓa karɓar wannan ba. Cewa yake, "Wancan daga Allah ne. Nawa kuwa da hannuna na yi."

Ba bijimi, ba ajiya, kifi ya ja baya, ga mata da ƴaƴa. Damina ta zo ba ta yi kyau ba. Da aka ɗaure ɗan geron da aka samu, na zo gida na tarar ya sauke kwanon ɗakunan ya sayar, jirgin ma ya ba wani. Wai an ce ana samun zinariya can arewa, bayan Agadas.

"Ki faɗa wa Inna gobe in Allah ya kai mu zan tahi. In sanyi ya wuce ina dawowa."

Na ce, "Ba ni faɗa. Ga ta can, je ka faɗa mata da kanka."

Ya je ya durƙusa bakin ƙofarta, kansa a ƙasa, ya faɗa. Ina tsaye ina kallonta ta cikin asabari, ina roƙon Allah a zuciyata ta buɗe baki ta ce zauna. Ta damƙe bakin zanenta har jijiyoyin hannunta suka fito. Abin da ta iya cewa kawai, "Allah shi kiyaye hanya." Ya jira ko da ƙari. Babu. Ya tashi.

Da asuba ta hau soya gyaɗa, ta daka da gero da barkono da sukari, ta mulmula dakuwa mai yawa. Ba ta bari kowa ya sa mata hannu ba. Yaya ya fito da jaka ya yi sallama, tana duƙe kan turmi ta amsa ba ta ɗago ba, ya fita. Sai da ta gama ta ƙulle a tsumma mai tsabta, ta miƙo min.

"Yi sauri ki kai wa wancan tasha. Ki ce ke kika yi."

Na fita da gudu, babbar mace da ni, malamar lakwal, mayafi na faɗuwa. Na isa tasha na tarar wurin motar Maraɗi wayam. Wani mai shayi ya ce yau da wuri ta cika, ta daɗe da tashi. Na tsaya tsakiyar tasha da ƙulli a hannu ina kuka, mutane na kallona, ban damu ba.

Na dawo gida ina jan ƙafa. Inna na zaune bakin ƙofar zaure, inda ba ta saba zama ba. Ta dubi fuskata, ta dubi hannuna. Ta karɓi ƙullin ta ɗora a cinya.

"Ko koko bai sha ba," ta ce.

Ya kira ni a waya daga Agadas, ya sake kira daga wani wuri da iska ke cinye muryarsa, ya ce in gaida Inna. Daga nan shiru. Mun yi cigiya wurin duk wanda ya dawo daga arewa, wani ya ce ya gan shi, wani ya ce ba shi ba ne. Har yau ba mu da gawa, ba mu da labari. Inna ta rayu ƴan shekaru bayan haka, tana ramewa a hankali. In mata suka zo suna ba ta haƙuri, suna cewa in sha Allah yana nan da rai, ba ta tanka musu. Sai sun gama ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Yaron nan ya fita gidan nan bai karya ba."